A Dasa Itacen da Zai Ga Bazara: Shawara ga Gusau, Tsafe da Bunguɗu

Kowace shekara, da zarar damina ta kankama, akan ga hukumomi da makarantu da ƙungiyoyin sa-kai sun fito bikin dashen itatuwa. A kafa rumfuna, a yi jawabai, babban baƙo ya naɗe hannun riga ya saka ɗan itace a rami, a zuba masa ruwa, jama'a su tafa. Washegari gidajen rediyo su ba da labarin dubban itatuwan da aka dasa. Labarin da ba a cika ji ba shi ne na adadin waɗanda suka rage da rai bayan wata takwas, lokacin da ranar Afrilu ta take tsaka, ƙasa ta ƙeƙashe, awaki suka rasa ɗanyen ganye. Duk wanda ya bi titunan Gusau, ko harabar ofisoshi da makarantu a Tsafe da Bunguɗu a irin wannan lokaci, zai iske ramuka da yawa babu kowa a ciki sai busasshen tsinke da tsumman leda.

Akan ɗora laifin wannan hasara a kan rashin ban-ruwa da ɓarnar dabbobi, kuma haƙiƙa suna da nasu kaso. Amma akwai kuskuren da ke gaba da su, wanda ake tafkawa tun ba a haƙa rami ba, wato zaɓen irin itacen da za a dasa. Sau da yawa mai zaɓen yakan bi abin da idonsa ya gani ya yi sha'awa a Abuja ko Jos ko Legas, ko kuwa a hoton gidajen ƙasashen waje, ya manta cewa itacen da ya ba shi sha'awa ya tashi ne a ƙasa mai laima da sanyin iska, inda ruwan sama ba ya daɗewa bai sauka ba. Ma'aunin da ya kamata a bi guda ɗaya ne: itacen da ya cancanci kuɗin jama'a a wannan yanki shi ne wanda zai ƙetare rani da bazara da ƙafarsa, ya kuma ba da inuwa a lokacin da aka fi bukatarta.

HALIN ƘASAR

Kafin a yi maganar itace, wajibi ne a san ƙasar da za ta riƙe shi. Ruwan da ke sauka a Gusau da kewayenta a shekara yakan kama tsakanin milimita 800 zuwa 1,000, wato kimanin inci 32 zuwa 40. A takarda wannan ba ƙaramin ruwa ba ne, domin ya fi abin da birnin Landan ke samu. Bambancin yana wajen rabo. Kusan dukkansa yana zuba ne tsakanin Mayu da farkon Oktoba, mafi yawansa kuma a Yuli da Agusta. Daga nan sai sama ta ɗauke har wajen wata bakwai. Hunturu ya zo da busasshiyar iska mai tsotse laimar ganye da ta ƙasa, bazara ta biyo baya da zafin da kan kai digiri 40, wani lokaci har ya wuce.

A kwatanta wannan da wuraren da ake kwaso tsire-tsiren ado. Jos tana bisa tsauni mai tsawon kimanin mita 1,200, ga sanyi, ga ruwan da ya kai milimita 1,400 a shekara. Legas tana samun fiye da 1,500, Kalaba kuwa wajen 3,000, kuma ko a ranin waɗannan garuruwa na bakin teku iska ba ta rabuwa da laima. Itacen da ya saba da irin wannan daula, in aka kawo shi Gusau, zai yi kore shar a watan Agusta har mai shi ya yi ta murna. Jarrabawarsa tana zuwa ne a Maris.

Akwai kuma batun abin da ke ƙarƙashin ƙasa. Gabashin Zamfara, inda waɗannan garuruwa uku suke, yana kan tsohon dutse ne mai tauri, wanda duwatsun Kwatarkwashi da na Tsafe suke shaidarsa a fili. A irin wannan ƙasa ruwan ƙarƙashi yana maƙalewa ne a tsage-tsagen dutse da ruɓaɓɓen saman sa, shi ya sa rijiyoyi da yawa ke ja baya da rani, wasu rijiyoyin burtsatse kuma ba su ba da abin kirki. Mazauna Gusau ba su bukatar a yi musu bayanin abin da jarkar ruwa ke zama a watan Afrilu. Lissafi mai sauƙi ya isa misali. In ɗan itace yana bukatar jarka ɗaya mai lita 25 a kowane mako, rani kuma ya yi mako 30, itace 1,000 za su sha jarka 30,000 kafin ruwa ya sauka. Itacen da ya dace da ƙasar zai nemi wannan hidima na shekara biyu ko uku, sa'an nan saiwarsa ta kama, ya yaye kansa. Wanda bai dace ba zai nemi hidimar har ƙarshen ransa, a garin da mata da yara ke bin layin famfo.

ADO DA INUWA

Tun da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara ranar 1 ga Oktoba, 1996, Gusau ta zama babban birni, aka yi ta gine-ginen ma'aikatu da gidajen ma'aikata da sababbin unguwanni. A 2013 aka kafa Jami'ar Tarayya ta Gusau. Kowane sabon gini yana zuwa da tsarin ƙawata haraba, kuma sau da yawa tsarin kwaikwayo ne na abin da aka gani a Abuja: jerin kwakwar ado, shimfiɗar ciyawa mai shan ruwa safe da yamma, itatuwan ƙasashen sanyi masu ganye kamar allura, da kuma dogon siririn itacen nan ɗan asalin Indiya mai ganye a zube, wanda ake jerawa a gindin katanga.

Wasu daga cikin waɗannan suna rayuwa in an dage da ban-ruwa. Tambayar da ta dace a yi musu ita ce, me suke biyan ruwan da shi? Hausawa sun daɗe da yi wa giginya shaida cewa inuwarta na nesa ka sha, amma ita giginya tana ba da 'ya'ya da muruci da azara. Kwakwar ado ba ta da inuwar da ɗalibi zai zauna ya yi bitar karatu, ba ta da wadda mai jinya zai fake a ƙofar asibiti, ko wadda ɗan acaɓa zai jira fasinja. A ƙasa mai sanyi, inda mutane ke neman hasken rana, ana iya dasa itace don kallo kawai. A ƙasar da rana ke kwantar da mutum, inuwa ita ce aikin itace na farko, ado yana biyo baya. A farkon Afrilun 2024 zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali, asibitocin Bamako suka cika da waɗanda zafi ya galabaita, mafi yawansu tsofaffi. Masana yanayi sun yi ittifaƙi cewa irin wannan zafi zai riƙa yawaita a yankin Sahel da maƙwabtansa. Garin da ya cika titunansa da kwalta da kankare da rufin kwano, ya kuma ƙawata su da itatuwa marasa inuwa, ya tanadar wa kansa wahala da kuɗinsa.

DARASIN DOGON YARO

Kada a ɗauka cewa ana ƙyamar baƙon itace ne don baƙuncinsa. Dogon yaro, wanda Kanawa ke kira darbejiya, wasu kuma maina ko bedi, baƙo ne. Asalinsa Indiya da Bama, kuma a 1928 aka fara dasa shi a Lardin Borno. Ya karɓu ne domin ƙasar da ya fito tana da dogon rani da zafi irin na nan. Saiwarsa tana nutsawa, awaki ba su cika damunsa ba saboda ɗaci, yana riƙe ganye a bazara, yana kuma tohowa in an sare shi. Maiduguri ta yi suna da shi, kuma a yau da wuya a sami gari a Arewa da babu inuwarsa. A kwarin Majiya na Jamhuriyar Nijar, daga 1975, an jera shi layi-layi don tare iska, manoma suka ga bambanci a amfanin gonarsu. Malaman dajin da suka kawo shi sun dubi yanayi kafin su dubi kyau, abin da ake so a koya daga gare su ke nan.

Sai dai dogon yaro yana da darasi na biyu. Saboda sauƙinsa, an dogara da shi har ya kusa zama itace ɗaya tilo a garuruwa da yawa, wannan kuwa ganganci ne. A shekarun 1980 wani ƙwaro mai manne wa ganye ya yi masa ɓarna a yankin Tafkin Chadi, a farkon shekarun 1990 kuma aka ga yana ta bushewa a sassan Nijar da arewacin Nijeriya, hankalin malaman daji ya tashi. Allah ya taƙaita abin, amma gargaɗi ne. Ingila ta ga irin wannan masifa sosai: daga ƙarshen shekarun 1960 wata cuta ta kashe fiye da miliyan 25 na wani itace guda da ya cika karkararta da titunanta. Irin wannan ɓarna ce ta sa masana itatuwan birane a Amurka suka fito da ƙa'ida cewa kada iri ɗaya ya wuce kashi 10 cikin 100 na itatuwan gari. Ko da ba a kai ga wannan ƙa'ida ba, hankali ya isa ya nuna cewa garin da inuwarsa duka ta rataya a kan iri ɗaya yana iya wayen gari tsirara.

Itacen turare, ɗan asalin Ostareliya, shi ma baƙo ne da aka yi amfani da shi sosai a shingayen tare iska da aka kafa a jihohin Sakkwato da Kano da Borno bayan farin 1973. Yana da saurin girma, yana ba da dirkoki da itacen girki. Amma mashayin ruwa ne, inuwarsa ba ta da kauri, ganyensa kuma ba ya barin wani abu ya tsiro a gindinsa da daɗi. Wurinsa keɓaɓɓen fili ne da aka ware don sara. Dasa shi kusa da rijiya ko a gefen gonar talaka cutarwa ce.

KOWANE WURI DA ITACENSA

Sunayen garuruwa kaɗai sun isa su koya wa mai tsara gari abin da ƙasar ke so. A Ƙaramar Hukumar Tsafe akwai Ceɗiya, akwai Kuncin Kalgo. A Katsina akwai Rimi, a Kano akwai Ɗorayi da Kurna. Mutanen da suka kafa waɗannan wurare ba su da ma'aikatar daji, amma sun san itacen da ke tsayawa. Abin da ya rage shi ne a sa kowanne inda ya dace, domin itace mai kyau a mugun wuri shi ma ɓarna ne.

A manyan hanyoyi, kamar wadda ta taso daga Funtuwa ta ratsa Tsafe da Gusau da Bunguɗu ta nufi Sakkwato, ana bukatar itace mai miƙewa, mai faɗin kai, mai tsawon rai. Maɗaci ya cika waɗannan sharuɗɗa. Shi ne aka jera a titunan Bamako da Wagadugu tun zamanin Faransawa, haka kuma a tsofaffin unguwannin Turawa na garuruwan Arewa, kuma da yawansu suna nan tsaye. Illarsa ita ce masu magani suna sassaƙe ɓawonsa har su kashe shi, don haka yana bukatar tsaro da doka. A cakuɗa shi da dogon yaro da marke da tsamiya, a ja da su baya daga bakin kwalta da magudanar ruwa, a kuma duba sama kafin a haƙa rami. Itacen da aka dasa a ƙarƙashin wayar lantarki an yanke masa hukuncin sara tun yana jariri.

A kasuwanni da tashoshin mota da dandali da ƙofar fada, inda jama'a ke taruwa su daɗe, babu kamar ceɗiya da durumi. Inuwarsu mai kauri ce, kuma ba su bukatar lambun reno: a sari reshe mai ƙwari a farkon damina a kafa, sai ya kama. Wannan kaɗai ya rage kuɗin kwangila. Sai dai saiwarsu mai yawo ce, tana fasa katanga da kwalbati da ramin masai, saboda haka fili suke so. Rimi da kuka da gamji ma haka, ba itatuwan lungu ba ne, amma kowace sabuwar unguwa ta cancanci a ware mata fili guda da za a bar wa ɗaya daga cikinsu.

A makarantu ya kamata a haɗa inuwa da abin ci. Tsamiya, kanya, ɗinya, magarya, kurna da aduwa duk 'yan ƙasa ne, ba su neman ruwa in sun kafu, kuma yaron da ya ci 'ya'yan itace ba ya yarda a sare shi. Zogale yana ba da ganye cikin 'yan watanni, ya shiga tukunyar makarantun kwana. Don shinge kuwa akwai lalle da bini-da-zugu da dashi, waɗanda manoma suka daɗe suna kewaye gonaki da su.

A bakin Gulbin Sakkwato, wanda ya ratsa Gusau ya wuce ta Bunguɗu, da sauran fadamu, a nan ne kaɗai ƙasar ke da laimar da ta yi kusa da abin da itatuwan kudu ke so. Nan ne wurin mangwaro da gwaiba da lemo da yazawa, kuma masu lambu sun riga kowa sanin haka. Amma gaɓar gulbin kanta tana bukatar masu riƙe ƙasa, irin su giyayya da ɓaure da bagaruwa, waɗanda ke jure ambaliya. Dogon yaro ba ya son kwanciyar ruwa, kada a kai shi can. Duk gaɓar da aka sare itatuwanta tana zaizayewa, yashin kuma yana gangarawa ya cike madatsar ruwan da Gusau ke sha daga gare ta. Ashe dashen bakin gulbi aikin hukumar ruwa ne kamar yadda yake aikin malaman daji.

A gindin duwatsun Kwatarkwashi da na Tsafe, inda ƙasa ba ta da zurfi, ga tsakuwa, ga gangare, dasa itacen lambu ɓata kuɗi ne. Faru, ɗanya, taura, geza, sabara da kalgo su ne 'yan gida a wurin, kuma mafi yawansu suna nan a ƙasa, kariya kawai suke nema daga gatari da wuta.

Mai son ado kuma ba a bar shi hannu sake ba. Marga tana zubo furanni rawaya kamar zinariya a ƙarshen rani. Sansami yana rufe kansa da furanni masu ruwan hoda tun ganyensa bai fito ba. Minjirya da gurjiya suna yin ja wur a tsakiyar rani. Duk waɗannan suna yin kwalliyarsu ne a lokacin da tsire-tsiren da aka sayo daga nesa ke neman ransu. Dalilin da ya sa ba a ganin su a harabar ofisoshi shi ne masu sayar da dashe ba su reno su, su kuma ba su reno su ne don ba wanda ke tambaya. Ranar da ma'aikatu suka fara rubuta sunayensu a takardar oda, za a gan su a kasuwa.

UZURIN JINKIRI

Hujjar da aka fi kawowa a kan itatuwan gida ita ce nawar girma, kuma hujja ce mai ƙarfi. Kaɗanya takan shekara 15 ko fiye kafin ta fara 'ya'ya. Tsamiya da ɗorawa da kanya ma ba su gaggawa. Shugaban da ke da wa'adin shekara huɗu yana son abin da zai nuna kafin ya sauka, jama'ar da rana ke duka kuma ba za a ce su jira shekara 20 ba. Maganin wannan sananne ne ga malaman daji: a dasa mai sauri da mai nawa tare. Dogon yaro ya ba da inuwa cikin shekara huɗu ko biyar, maɗaci da tsamiya suna tasowa a tsakani, in sun kawo ƙarfi a rage na farkon, a yi amfani da itacensa. Inuwar da mutanen Gusau ke sha a yau a tsofaffin unguwanni, waɗanda suka dasa ta ba su zauna a ƙarƙashinta ba.

Akwai kuma hanyar da ta fi dashe sauri da araha, kuma an gwada ta a ƙasar Hausa. A 1983, a yankin Maraɗi, wani malamin gona ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, bayan ya ga mafi yawan abin da yake dasawa yana mutuwa, ya lura cewa ƙananan tsirran da manoma ke sassabewa kowace shekara toho ne na kututturan itatuwa masu rai, waɗanda saiwarsu ta riga ta yi nisa a ƙasa. Maimakon a sassabe duka, sai a zaɓi 'yan rassa masu ƙarfi a bari, a datse sauran. Farin 1984 ya sa manoma da yawa suka karɓi dabarar, wadda aka sani da sassaben zamani. Bincike ya nuna daga baya cewa ta farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200 a kudancin Nijar, ba tare da lambun reno ko tankar ruwa ba. Gawo yana cikin waɗanda suka fi yawa a gonakin, kuma shi ne abokin manomi na gaskiya: yana zubar da ganye da damina, ya bar gero da dawa su sha rana su ci taki, sa'an nan ya yi ganye da rani, ya ba dabbobi inuwa da 'ya'ya. Maraɗi ba ta kai Gusau ruwan sama ba. Abin da ya yiwu a can zai fi yiwuwa a gonakin Bunguɗu da Tsafe, da filayen makarantu da na hukuma da ba a gina ba tukuna.

A CANZA MA'AUNI

Kuɗin wannan aiki ba su yi ƙaranci kamar da ba. A 2007 Tarayyar Afirka ta amince da shirin Babbar Ganuwar Itatuwa daga Senegal zuwa Jibuti, a 2015 Nijeriya ta kafa hukumar da ke kula da shi, Zamfara kuma tana cikin jihohi 11 da ya shafa. A ƙarshen 2021 Bankin Duniya ya amince da rancen dala miliyan 700 don farfaɗo da ƙasa a jihohin Arewa 19 da Abuja. Amma rahoton da Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2020 ya nuna cewa a ainihin yankin ganuwar, abin da aka farfaɗo da shi bai wuce hekta miliyan 4 ba daga cikin miliyan 100 da aka ƙudurta. Ɗaya daga cikin darussan da aka koya shi ne ƙidayar abin da aka dasa ba ta nuna komai.

Bukatar kuwa ƙaruwa take yi. Rashin tsaron da ya addabi karkarar Zamfara tun wajen 2011 ya koro dubban mutane zuwa Gusau da Tsafe da Bunguɗu, garuruwan suka cika, bukatar itacen girki ta ninka. Janye tallafin man fetur a Mayun 2023 da tsadar da ta biyo baya sun mayar da gidaje da yawa kan gawayi, ƙirya da marke kuwa su ne suka fi shan gatarin masu gawayi. Tun da aikin daji mai nisa ya yi wuya ga ma'aikata, hankali ya nuna a mai da ƙarfi kan cikin gari da kewayensa, inda ido ke gani, ƙafa ke zuwa.

Saboda haka akwai gyare-gyaren da ke hannun ma'aikatan gwamnati, waɗanda ba su bukatar sabon kasafi. Na farko, kada a sa hannu a kan tsarin ƙawata wani gini ko titi sai malamin daji ya duba sunayen itatuwan ya amince, kamar yadda ba a aza tubali sai injiniya ya duba zane. Na biyu, a raba kuɗin ɗan kwangilar dashe: kaso ɗaya ranar dasawa, sauran bayan an ƙirga masu rai a ƙarshen Afrilu na shekara ta farko da ta biyu. Ɗan kwangilar da ya san haka, da kansa zai guji itacen da ba zai rayu ba. Na uku, a daina jinkirta dashe don jiran ranar da babban baƙo zai sami sarari. Itacen da aka dasa a ƙarshen Yuni ko farkon Yuli yana da wata uku na ruwa don kafa saiwa, wanda aka dasa a Satumba kuwa maraya ne tun ranar farko. Na huɗu, a rage yawa a ƙara kulawa. Kuɗin rumfa da lasifika da riguna sun isa su sayi keji da maganin gara ga ɗaruruwan itatuwa. Na biyar, kowane itace ya sami mai shi: mai shagon da ke gabansa, ko limamin masallacin, ko ajin makarantar. Mai Martaba Sarkin Katsinan Gusau da 'Yandoton Tsafe da Sarkin Fulanin Bunguɗu da Sarkin Kwatarkwashi suna da hakimai da dagatai da masu unguwanni da za su iya tabbatar da wannan fiye da kowace takardar ofis.

Ɗalibai ma suna da aikin da ya fi ɗaukar hoto ranar biki. Ɗaliban Jami'ar Tarayya da na Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Gusau, da na makarantar koyon aikin lafiya ta Tsafe, suna iya bin unguwanni su ƙirga itatuwan da ke akwai, iri-iri, su rubuta wanda ya rayu da wanda ya mutu da inda aka dasa shi. Suna iya zama da tsofaffin manoma da masu lambu da maharba su rubuta abin da suka sani game da lokacin tara iri da yadda ake tsirar da shi, tun masu ilmin suna raye. Irin wannan ƙididdiga, in aka yi ta shekara uku a jere, za ta fi kowane littafin da aka rubuta don wata ƙasa amfani ga mai tsara garin Gusau.

Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, in ji masu iya magana, itace ma ƙasarsu yake nema. Jos da Legas su riƙe abin da ya dace da laimarsu. Hukumomin Gusau da Tsafe da Bunguɗu su kuwa, in damina ta zo, su fara tambayar malamin daji da tsohon manomi kafin su tambayi mai sayar da furanni, sa'an nan su ɗage bikin zuwa watan Afrilu, a taru a ƙirga abin da ya rayu. Allah ya ba da damina mai albarka.